Yadda ake koya wa 'yan firamare zanen bango da laka

Malam, kafin a taɓa laka, kai yara cikin birnin Zazzau su kalli zanen ƙofar fadar Sarki, kowa ya kwafi dagi ɗaya a takarda.

A samo jar laka, a tankaɗe tsakuwa, a jiƙa ta kwana ɗaya. Kwano uku na laka, kwano ɗaya na yashi mai laushi, da ɗan yankakken ciyawa. Laka zalla tsagewa take yi, domin tana tsukewa idan ta bushe. A cuɗa sosai har ta daina manne wa hannu.

Kowane yaro ya shimfiɗa tasa a kan kwali, kaurin santimita 2. Ya zana dagin da tsinke, sannan ya murza laka siririya kamar igiya ya bi layin. A nan ake yawan kuskure: sai an kakkarce wurin an shafa ruwan laka, in ba haka ba zanen ya ɓamɓare.

A shanya a inuwa kamar mako guda. Da hunturu a rufa da jiƙaƙƙen buhu, iskar tana busar da sama ta bar ciki ɗanye. Shafa fenti sai lakar ta bushe ƙarau. Farar ƙasa ma ta wadatar.