Yadda ake farfaɗo da tsohon babban dish a saita shi

Nawa a hannun 'yan gwangwan na tsinto shi, saura ƙiris su daddatsa shi su auna a kilo. Na raga ne, faɗinsa mita 2.4, irin waɗanda har yanzu ake hangowa a bayan tsofaffin gidajen Nassarawa da Bompai a Kano, tsatsa ta cinye su, tantabaru sun mayar da su wurin hutawa. Wata guda na yi ina fama da shi kafin na gane cewa wahalar babban dish ba a wurin neman sigina take ba. Idan farantin ya karkace ko sandar ta jirkice, ko kwana za ka yi kana juyi ba abin da za ka kama.

Saboda haka fara da awon farantin tun kafin ka sayi fenti. Kwantar da shi ya kalli sama, ka ɗaura zare daga wannan baki zuwa wancan, ka ɗaura wani ya gitta shi a tsakiya. Idan zaren biyu sun ɗan taɓa juna a mahaɗa, farantin lafiya lau yake. Idan akwai rata tsakaninsu, ko ɗaya ya danne ɗaya, ya murɗe. Sassauta notunan da suka haɗa ɓangarorinsa, ka daidaita shi a ƙasa mai shafe, ka sake ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Inda raga ta lotsa, tura ta da tafin hannu daga baya, ban da guduma.

Notin da ya ƙi kwancewa, zuba masa baƙin mai ya kwana. Wanda ya ruɓe a yanke shi, akwai sababbi a Ƙofar Ruwa. Kankare tsatsa da burushin ƙarfe da samfefa, ka shafa jan fentin hana tsatsa, sannan na sama. Kada ka kuskura ka sa fenti mai sheƙi. Ni na yi, don ya yi kyau a ido, farantin ya tattara ranar Kano ya zuba ta a kan murfin LNB, wato na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina, har ya narke.

Sai sanda. Tun ran gini tun ran zane. Fayif mai kauri, a yi masa waldar ƙarfe a gicciye a gindi don kada ya juya cikin kankare, a haƙa rami mai zurfi, domin iskar farkon damina ba ta wasa da faranti mai wannan faɗi. Ari lebur wurin magini, ka ɗora a gefe biyu na fayif ɗin tun siminti bai kama ba, ka tabbata ɗigon ruwan yana tsakiya ta ko'ina. Ba shi kamar mako ya bushe kafin ka ɗora masa kaya.

Wurin zaman LNB lissafi ne, ba kirdado ba. Auna faɗin farantin, ka auna zurfinsa daga mahaɗar zaren nan zuwa tsakiya. Ninka faɗin da kansa, ka raba da zurfin sau 16. Faɗi santimita 240, zurfi 40, zai ba ka 90: nisan bakin LNB daga tsakiyar faranti ke nan. Ka kuma duba ramukan ragar. Sigina na zuwa a zango biyu, C da Ku. Zangon C, mai tsawon igiya kusan santimita 7.5, bai damu da raga mai manyan ido ba, amma na Ku, mai kusan 2.5, zurarewa yake yi ta ciki.

Taurarin ɗan'adam da muke nema suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, Kano kuwa tana digiri 12 arewa da layin. Shi ya sa farantinmu yake kallon sama sosai, yana ɗan rusuna wa kudu. Tauraron Badr na kamfanin Arabsat, da ke digiri 26 gabas, ana samunsa kudu maso gabas, wajen digiri 123 a kamfas, tsayin ɗaga faranti kusan digiri 65. Nilesat, digiri 7 yamma, yana kudu maso yamma, wajen 233, tsayi kusan 67. Wani dattijon maƙwabcinmu ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, tashar Makka kake nema ka ba alƙibla gefe?" Na ce, "Baba, ai tauraron ba a saman Makka yake ba." Bai gamsu ba sai da ya ga ɗawafi a talabijin.

Kashe risiba kafin ka jona waya, akwai wuta bolt 13 ko 18 a cikinta. Fito da ƙaramin talabijin gindin dish ɗin, ya fi ka riƙa kwala wa yara kira "ya kawo?" daga waje. A saitin risiba, LNB na C yana son 5150, na Ku kuma 9750 da 10600. Sa mitar tashar da ka tabbata tana aiki a yau.

Layi biyu za ka gani a allo. Na ƙarfi yana tashi da zarar LNB ya samu wuta, kada ya ruɗe ka. Na kwaliti shi ne magana. Saita tsayin, ka riƙa tura farantin gefe kamar kaurin yatsa, ka tsaya ka ƙirga biyar, domin risiba na jinkirin nunawa. A Ku, faranti mai wannan girma bai kai digiri ɗaya yake gani ba, da sauri kaɗan ka wuce tauraron ba ka sani ba. In ka share wurin babu komai, ɗaga ko sauke kaɗan ka sake bi.

Da kwaliti ya motsa, koma kan LNB ka murza shi cikin maƙallarsa. A nan Kano murɗin yana da yawa, na Badr ya haura digiri 50, mutane da dama nan suke barin rabin siginarsu. Matsa shi ciki da waje kaɗan, sannan ka ɗaure notuna bi da bi idonka na kan allo, don ɗaurin kansa yana janye faranti. Naɗe mahaɗar waya da tef saboda ruwa, ka ja layin fenti daga maƙalar zuwa sanda, ranar da iska ta juya shi ka san inda za ka mayar.

Tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, hoto zai riƙa ɗaukewa na 'yan mintuna da rana, kwanaki kaɗan a jere. Rana ce ta bi ta bayan tauraron. Ajiye sifana, zai dawo da kansa.