Wane yaren kwamfuta ya dace da tace lambobin firam?

Lambar firam ita ce wadda ta haura 1 kuma ba ta rabuwa cif sai da 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Ɗaliban KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, 'yan Aboabo da Asawase sukan yi ta musu a kan Python da C, alhali tambayar farko ita ce: ina iyakar lambar da kake son kaiwa, kuma RAM, wato wurin ajiya na wucin gadi, nawa kwamfutarka take da shi?

In iyakar ba ta wuce miliyan 10 ba, Python ta ishe ka. Yi amfani da rariyar Eratostenis. Jera lambobi daga 2 zuwa iyakarka N, ka ɗauki 2 ka soke duk ninkinta, ka matsa lamba ta gaba da ta tsira ka maimaita. In p ce firam ɗin da ka ɗauka, fara sokewa daga p×p, don na ƙasa an riga an soke su, ka tsaya da zarar p×p ta haura N. Sai ka gwada aikinka: firam 25 ne a ƙasa da 100, 78,498 a ƙasa da miliyan 1, 664,579 a ƙasa da miliyan 10. In ka samu 26 a gwajin farko, ka ƙirga 1 ne, ita kuwa ba firam ba ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ajiya. Kowane gurbi a list na Python yana cin bayit 8, na bytearray bayit 1. A biliyan 1, list zai nemi kusan GB 8, ga shi kwamfutar hannu da aka saya a Adum mai GB 4 ce. Sandarewa za ta yi. Mafita a tace gunduwa-gunduwa: fitar da firam har 31,622, sannan ka riƙa tace yanki ƙarami, kamar KB 256, kana rubuta sakamakonsa a fayil. Ko dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo batir ya mutu, daga inda ka tsaya za ka ɗora.

A wannan girman C ko Rust sun fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai C tana da tarko. Int ɗinta, ma'ajin lamba mai bit 32, tana ƙarewa a 2,147,483,647, don haka p×p takan ɓaci tun daga 46,341, ba tare da gargaɗi ba. Saka uint64_t mai bit 64 a madadinta.

Lamba mai alƙaluma ɗari kuwa ba aikin rariya ba ce. Buɗe manhajar lissafi ta PARI/GP, kyauta ce, ka kira nextprime ko isprime. A Python, math.sqrt mai fitar da tushen lamba tana fara kuskure bayan 2^52, ka koma math.isqrt da ta zo a sigar 3.8. In firam ɗin na makullin sirri ne, zaɓo lambar da secrets na Python, kada ka taɓa random ɗinta, don ana iya hasashen abin da take fitarwa.