Darasi na Bakwai: Kwamfuta Mai Yawan Mutuwa

Kana tsakiyar rubutu sai kwamfuta ta mutu. Ka kunna, bayan ɗan lokaci ta sake ɗaukewa, ko allonta ya koma shuɗi da rubutun Turanci. Kafin ka kai ta wurin mai gyara, akwai abin da za ka iya dubawa a gida.

Fara da zafi, don shi ne ya fi damun kwamfutocinmu a Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Tana taruwa a kan fankar da ke cikin kwamfuta, ta toshe ramukan shan iska. Da zafin Maris da Afrilu ya kankama, sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Taɓa gefenta. In ka ji zafi sosai, fanka kuma tana ta gurnani, to ka kashe ta, ka cire wayar daga soket, ka share ramukan da busasshen buroshi mai laushi. Ruwa kam, ko ɗigo kada ya taɓa ta. Mai laftof kuma ya daina ɗora ta kan katifa ko matashi. Yana ba ni takaici in ga na'ura mai tsada ta lalace saboda wannan kaɗai. Tebur ko faranti ya isa.

Sai wuta. Lantarkinmu bolt 230 ne, amma yakan yi sama ya yi ƙasa, musamman lokacin da ake komawa janareta. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS, wani akwati mai batir da zai riƙe ta na 'yan mintoci har ka adana aikinka.

In ba zafi ba ne, ba wuta ba, tuna abin da ka saka mata kwanan nan. Sabuwar manhaja? Filashin da ya zaga shagunan buga takardu? Cire manhajar, ka sa Windows Security, wato manhajar tsaro da ke zuwa tare da Windows, ta binciki filashin ko akwai ƙwayar cutar kwamfuta. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, don ka gane mai laifin.

Aikin gida: ka samo ɗan littafi. Duk sanda ta mutu, rubuta rana, lokaci, da abin da kake yi. In shuɗin allo ne, ɗauki hotonsa da waya. Kwafi hotunanka da takardunka a wani filashi mai tsabta, sannan ka tafi wurin mai gyara da littafin a hannu.