Yadda Za Ka Haska Layinku da Fitilar Sola Mai Jin Motsi

Shekara biyu ke nan da muka yi karo-karo a layinmu a nan Kano muka kafa fitilun sola guda shida. Ni aka ɗora wa sayensu, tunda ina taɓa aikin lantarki. Biyun farko da na ɗauko, an rubuta wat 300 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsu, amma kafin ƙarfe ɗayan dare sun mutu murus. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin jama'a ne.

Don haka in ka shiga shago, rabu da lambar kwali. Tambayi girman batir da na farantin da ke zuƙar rana. Fitilar da ke cin wat 30 na gaskiya, daga magariba zuwa wayewar gari awa 12 ne, ka ga 30 sau 12, wat-awa 360 ke nan na wutar da za ta sha. Batirin litiyom mai bolt 12.8 da amfiya-awa 30 yana riƙe 12.8 sau 30, wat-awa 384, wato da kyar zai kai ta safiya in ta kwana da cikakken haske. Faranti kuwa, nemi mai wat 100. Ɗaga fitilar da hannunka ka ji. Wadda ba ta da nauyi, batirinta ɗan mitsitsi ne.

A nan ne idon jin motsi ke da rana. Da rimot na saita namu: awa huɗun farko haske cikakke, lokacin da mai shayi ke ciniki, yara na dawowa daga makarantar dare. Bayan nan sai ya sauka zuwa kashi 30 cikin ɗari, ya tashi fes da zarar mutum ko babur ya gitta. Da wannan dabara batir ke kwana da saura, ko ranar da hadari ya rufe sama.

Wajen kafawa, faranti ya kalli kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Tsaya a gurbin da safe, ka koma da la'asar, ka ga inda inuwa ke faɗuwa. Darbejiyar ƙofar masallaci ta sa sai da muka matsar da turke ɗaya taku goma. Turke mai mita shida, tazarar mita 20 zuwa 25, gindi a zuba masa kankare a bar shi ya kama sosai. A sa mai walda ya ɗiga wa notocin wuta saboda ɓarayi.

Kafin a ɗaga ta sama, rufe farantin da kwali. Lafiyayyar fitila za ta kama nan take, don ta ɗauka dare ya yi.

Saura ƙurar hunturu, wadda ita ke sa mutane su ce fitila ta lalace alhali ƙalau take. Duk mako biyu muna ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a bakin doguwar gora mu goge farantin da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Mun raba wa samarin layi aikin, kowa da turkensa.