Yadda Ake Haɗa Abin Zaƙi Mai Hawa-Hawa na Cakulan da Gahawa a Gida

Wannan abin zaƙi ba a gasa shi, sanyin firij ne yake ƙarasa aikinsa. Hawa shida gare shi: biskit da aka tsoma cikin gahawa, wato kofi, sai kirim mai ƙamshin gahawa, sai wani biskit ɗin, sai narkakken cakulan a tsakiya, sai biskit na uku, sannan kirim ya rufe sama a barbaɗa masa garin koko. Ɗan'uwa ne ga tiramisu na ƙasar Italiya, sai dai shi tiramisu da cukuwi mai suna maskafone ake yin sa, kuma sau da yawa ba a dafa ƙwan da ke cikinsa, alhali a nan ƙwan yakan dahu sarai kafin ya shiga haɗin. Na fi natsuwa da wannan hanya, musamman idan akwai tsofaffi ko mai juna biyu cikin waɗanda za su ci. Abin da ya fi kowane abu muhimmanci a aikin shi ne kula da zafi da sanyi, domin duk hawan da aka ɗora wa ɗan'uwansa alhali bai huce ba, to zai narkar da na ƙasansa, kuma idan aka zo yankawa ba za a ga layukan nan masu ban sha'awa ba.

Ma'aunin da ke tafe na kwano ne mai kusurwa huɗu, santimita 20 tsawo da santimita 20 faɗi, mai zurfin kimanin santimita 7, kuma yakan ishi mutum tara. Na gilashi ya fi, saboda ana hangen hawa-hawan ta gefe. Za a tanadi busasshen biskit marar kirim a tsakiya gram 350, da baƙin cakulan gram 200, da kirim na bugawa mililita 450, da madara mai cikakken maiƙo mililita 500, da ƙwanduwar ƙwai 4, da sukari gram 120, da garin sitacin masara gram 45, da bota gram 30, da garin gahawa mai narkewa a ruwa, da garin koko marar sukari babban cokali 2, da ɗan gishiri. Idan akwai sikeli a yi amfani da shi, domin awo da ido yakan yaudari mutum, musamman wajen sitaci.

Abu biyu cikin waɗannan sun cancanci a duba takardar jikinsu kafin a saya. Cakulan ya kasance koko a cikinsa ya kai kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Wanda ya gaza haka zaƙinsa yakan danne gahawar, kuma ba ya daskarewa da kyau, wanda ya haura kuwa ɗacinsa yakan taru da na gahawa har ya yi wa harshe yawa. Shi kuma kirim dole maiƙonsa ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100, wanda ya kai 35 ma ya fi, domin maiƙon ne yake riƙe iskar da aka buga masa. Kirim marar isasshen maiƙo ko an wuni ana bugunsa ba zai tsaya ba.

Mataki na farko shi ne dafa kastad ɗin gahawa, wanda daga baya za a haɗa da bugaggen kirim ya zama kirim ɗin gahawa, tun da shi ne ya fi jimawa kafin ya huce, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. A zuba madarar a tukunya mai kaurin gindi, a sa mata ƙaramin cokali 3 na garin gahawa da ɗan gishiri, a ɗora a wuta matsakaiciya har sai tururi ya fara tashi ƙananan kumfa sun bayyana a gefen tukunya. Kafin nan an zuba ƙwanduwar a roba tare da sukari gram 100, an buga da maburgi har launinta ya yi haske, an zuba sitacin an juya har babu gudaji ko ɗaya. Kada a zuba sukari a kan ƙwanduwa a bar shi zaune ba a juya ba, domin sukari yakan tsotse ruwan ƙwanduwar ya bar wasu ƙananan ƙulalai masu tauri waɗanda ba sa narkewa daga baya. Da madarar ta yi zafi, sai a ɗebi kamar ludayi ɗaya a tsiyaya cikin ƙwan sannu a hankali, hannu ɗaya yana zubawa ɗaya yana burgawa, a ƙara ludayi na biyu da na uku. Hikimar wannan ita ce ƙwan ya saba da zafin kaɗan-kaɗan, don idan aka juye masa madarar gaba ɗaya zai dahu nan take ya dunƙule.

Daga nan sai a mayar da komai cikin tukunya, a ɗora a wuta, a yi ta juyawa ba tsayawa, ana bin gindin tukunya da lungunanta inda kamu yake farawa. Da farko zai zama ruwa tsululu har mutum ya yi zaton ya yi kuskuren awo, can sai ya kama kauri farat ɗaya, wani lokaci har da gudaji, waɗanda sukan baje idan aka ƙara wa burgawar ƙarfi. A nan ne ake so a daure kada a sauke. A jira sai ya fara tafasa, manyan kumfa suna fashewa a samansa, sannan a ci gaba da juyawa na minti ɗaya zuwa biyu. Dalili kuwa shi ne ƙwanduwa tana ɗauke da wani sinadari mai suna amilas wanda aikinsa narkar da sitaci, kuma tafasa ce take kashe ƙarfinsa. Idan aka sauke da wuri, kastad ɗin zai yi kauri a daren, amma kafin gari ya waye ya tsinke ya koma ruwa. Ba a fargabar ƙwan ya dunƙule a wannan tafasa, domin sitacin yana kare shi. Bayan an sauke a jefa botar a juya har ta narke, a tace ta rariya cikin faranti mai faɗi, a shimfiɗa ledar naɗe abinci ta manne da fuskarsa don kada ya yi yana, a sa a firij na kimanin awa biyu har ya yi sanyi ƙarara.

Mataki na biyu, wato haɗa gahawar da za a tsoma biskit, ba shi da wuya. A narkar da babban cokali 3 na garin gahawa da ragowar sukari gram 20 cikin ruwan zafi mililita 300, a zuba a kwano mai faɗi a ajiye ya huce. Wanda ya fi son niƙaƙƙiyar gahawa ta tacewa yana iya dafa ta, sai dai ya ninka ƙarfinta a kan wadda yake sha, ruwan kuma ya ɗan sauka daga tafasa, wajen digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka ɗanɗana za a ji ta yi ɗaci fiye da kima, kuma haka ake so, domin madara da sukari da sanyi duk za su rage mata kaifi.

Mataki na uku shi ne haɗin cakulan da kirim, wanda masu sana'ar suke kira ganash. A yayyanka cakulan ƙanana-ƙanana da wuƙa a zuba a busasshiyar roba. Maganar bushewa ba ƙaramar magana ba ce: ɗigon ruwa kaɗan idan ya faɗa cikin narkakken cakulan yakan sa sukarin da ƙwayoyin kokon su manne da juna, ya cure ya yi tsaki-tsaki, alhali ruwa mai yawa kamar na kirim narkar da sukarin yake yi, komai ya tafi sumul. A ɗumama kirim mililita 250 har ya kusa tafasa, a juye a kan cakulan ɗin, a bar shi minti biyu ba a taɓa ba. Man koko yana narkewa ne a kusan digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, saboda haka zafin kirim ɗin ya wadatar, babu buƙatar mayar da shi wuta. Sai a fara juyawa daga tsakiya da ƙananan kewaye, ana faɗaɗawa a hankali har duka ya zama baƙi mai sheƙi. Idan aka ga mai ya taso sama ya rabu, a zuba madara mai ɗumi cokali ɗaya a juya, a ƙara wani idan da buƙata, zai dawo ya haɗe. Na zaɓi kirim ya ɗan fi cakulan yawa da gangan, domin idan suka yi daidai wa daida hawan yakan yi tauri a firij, cokali ya danna shi ya matse kirim ɗin da ke ƙasa ya fito ta gefe. A bar ganash ɗin a waje ya huce har ya daina ɗumi a bayan hannu, amma yana iya zubowa daga cokali.

Mataki na huɗu, a fito da ragowar kirim mililita 200 daga firij, a buga shi cikin roba mai sanyi. Idan ɗakin girkin yana da zafi, a sa robar da maburgin a firiza na minti goma tukuna. A daina bugu da zarar an ɗaga maburgi an ga kirim ɗin ya yi tsini yana ɗan lanƙwasa kai, domin idan aka zarce zai fara rabuwa ya kama hanyar zama bota. Kastad ɗin da ya yi sanyi zai kasance ya daskare kamar ƙulli ɗaya, sai a buga shi shi kaɗai har ya saki ya yi laushi. A ɗebi sulusin kirim ɗin a juya a ciki don ya sassauta, sauran kuma a haɗa shi da cokali mai faɗi, ana ɗebowa daga ƙasa ana kifawa sama cikin natsuwa, don kada iskar da aka sha wahalar bugawa ta fice.

Mataki na biyar shi ne jerawa, kuma tsoma biskit shi ne wurin da hannu yake bukatar sauri. A ɗauki biskit ɗaya, a tsoma cikin gahawar da ta huce, a juya, a cire, duka cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ana so bayansa ya jiƙe amma cikinsa da sauran ƙarfi, domin zai ci gaba da shan danshi daga kirim tsawon sa'o'in da zai yi a firij. Yana da kyau a gwada da guda ɗaya a karya shi a duba, tun da biskit ya bambanta wajen shan ruwa. Idan ya lanƙwashe a hannu kafin ya isa kwano, to an daɗe. A jera su a gindin kwano a matse, a karya wasu a cike giɓi. A zuba rabin kirim ɗin gahawa a baje shi har cikin kusurwoyi, a jera biskit na biyu, sannan a tsiyaya ganash ɗin duka a karkata kwanon ya bazu da kansa. A wannan gaɓa a sa kwanon a firij na minti ashirin. Mutane da yawa suna tsallake wannan jira, amma shi ne yake ba da layin nan baƙi miƙaƙƙe a tsakiya, domin biskit na uku idan ya hau ganash mai ruwa nutsewa yake yi. Bayan ya ɗan kama jiki a jera biskit na ƙarshe, a zuba ragowar kirim, a daidaita samansa da bayan cokali.

A rufe kwanon sosai, saboda maiƙo yana saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da shi, a ajiye a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka na aƙalla awa shida. Kwana ɗaya ya fi, domin a lokacin ne biskit ɗin yake komawa kamar kek mai laushi, ɗanɗanon gahawa kuma ya ratsa ko'ina. Garin koko sai an zo ci ake barbaɗa shi ta ƙaramar rariya; idan aka sa tun dare yakan sha danshi ya yi dabbare-dabbare. Wajen yanka, a tsoma wuƙa mai kaifi cikin ruwan zafi, a goge ta da tsumma mai tsabta, a yanka sau ɗaya har ƙasa, a sake tsomawa a goge kafin yanka na gaba. Yankan farko yakan ɗan ɓaci wajen fitarwa, na bayansa kuwa sukan fito tsaf.

Gahawar da ke cikin wannan haɗi tana da ƙarfi, kuma baƙin cakulan ma yana da nasa kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, saboda haka idan yara za su ci, ko kuma da dare za a ci, sai a yi amfani da gahawar da aka cire wa kafeyin, awon bai canja ba. Abin da ya rage a mayar da shi firij nan da nan, kada ya wuce awa biyu a waje, a kuma cinye shi cikin kwana uku. Firiza ba ta dace da shi ba, domin kastad ɗin da aka yi da sitaci idan ya ƙanƙare ya narke yakan saki ruwa, biskit ɗin ƙasa ya jiƙe sharkaf.