Idan aiki ne ya neme ka, ba kai ka neme shi ba

Wata uku da saukarka a ƙasar waje, takardun neman aikin da ka aika sun fi a ƙirga, kuma babu wanda ya ce maka uffan. Guzuri yana ta ƙarewa, ranar biyan haya tana matsowa. Kwatsam sai saƙo ya shigo ta LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, ko ta imel: mun ga CV ɗinka, ya burge mu, muna neman irinka a sashen sayar da kayanmu, ko za ka iya zuwa gobe? Kai da ka karanta injiniya ko lissafin kuɗi, wanda ko allura bai taɓa sayarwa ba, yau kai ake nema ruwa a jallo.

Daɗin da ka ji ba laifi ba ne. Amma ka san cewa mai yiwuwa babu wanda ya karanta CV ɗin, wato takardar tarihin karatunka da aikinka. Ranar da ka ɗora shi a shafin neman aiki irin Indeed ko LinkedIn ya shiga rumbun da masu ɗaukar ma'aikata ke biyan kuɗi su tona, kuma saƙon da ya same ka ya samu wasu da yawa a rana guda. Wasu kamfanonin ba sa daina ɗaukar masu talla, domin ba sa daina rasa su. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni ma na taɓa amsa irin wannan kira. Na sha kwat na tafi ganawa, sai na tarar da ɗaki cike da mutane, kusan dukanmu baƙi. Wani matashi mai zaƙin baki ya yi awa guda yana ba mu labarin motarsa da yadda za mu zama manajoji cikin wata shida. Da na tambayi nawa ne albashin, sai ya ce mai babban buri ba ya tambayar albashi. A nan na gane ashe babu shi.

Kafin maganar kuɗi, ɗauko bizarka ka karanta sharuɗɗanta, domin nan ne ramin da ya fi zurfi. A Birtaniya, ɗalibin da ke karatun digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin zangon karatu, amma an hana shi zama mai aikin kansa. To, yawancin ayyukan bin gida-gida da ake biya da kamasho zalla, a takarda kai ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa. Ka sa hannu, ka karya sharaɗin biza ba tare da ka sani ba, kuma gobe kai za a tambaya, ba su ba. A Amurka, wanda ya gama karatu yana kan OPT, wato izinin aiki na ɗan lokaci da ake ba ɗaliban ƙetare, dole aikinsa ya danganci fannin da ya karanta, kuma kwanakin zaman banza da aka yarje masa 90 ne. Mai digirin sinadarai da ya koma sayar da inshora bai tsayar da wannan ƙidayar ba. A Kanada, tun Nuwamba 2024 iyakar aikin ɗalibi a wajen makaranta awa 24 ne a mako, alhali aikin talla yakan cinye wuni sukutum. Wanda kuma kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa, ba ya sauya wurin aiki sai da sabon izini. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka shafin hukumar shige da fice za ka duba, ko ofishin ɗaliban ƙetare na makarantarku. Kada ka ɗauki fatawa daga bakin mai son ɗaukarka.

In biza ta ba ka hanya, tambayar da ta rage guda ce, kuma ita ce ke raba aikin gaskiya da na bogi: in mako ya wuce ban sayar da komai ba, wa ya yi asara? Kamfanin da ke biyan tsayayyen albashi, kamasho kuma ya zo a kai, ya zuba kuɗinsa a kanka, saboda haka zai koya maka aikin kuma zai damu ka yi nasara. Wanda ke biyan kamasho kaɗai bai yi kasadar komai ba. Kuɗin mota naka, waya taka, takalmin da ya cinye naka. Ka sayar su ci riba, ka kasa su ɗauki wani.

Ka kula da babban adadin kuɗin da suke rubutawa a sanarwar aikin. Sau da yawa abin da za ka samu ne in ka cika adadin cinikin da suka yanka maka, ba abin da zai shiga asusunka ba. Tambaye su kai tsaye: cikin waɗanda kuka ɗauka bara, nawa ne suka kai wannan adadin, nawa ne kuma suke nan har yau? Sannan ka tambayi abin da ke faruwa in mai saye ya fasa. A Birtaniya wanda aka sayar wa kaya a ƙofar gidansa yana da kwana 14 ya janye, a Amurka kwana 3 na aiki. A harkar inshora kuwa, in kwastoma ya daina biya da wuri, kamashon da ka riga ka kashe akan dawo a cire shi daga na gaba. Akwai masu barin aiki da bashi a wuyansu.

Wani nau'in ma ba kaya ake so ka sayar ba, mutane ake so ka kawo. Za a ce ka fara da sayen kaya da kuɗinka, ko ka rubuta sunayen dangi da abokai da lambobinsu. A 2016 kamfanin Herbalife, mai sayar da kayan ƙarin abinci ta irin wannan tsari, ya amince ya biya dala miliyan 200 a sasantawarsa da hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, kan yadda yake kwaɗaita wa mutane samun kuɗi. A 2024 ma'aikatan hukumar sun duba bayanan kuɗin shiga na irin waɗannan kamfanoni 70, suka ga yawancin masu shiga dala 1,000 ko ƙasa da haka suke samu a shekara. Baƙo kuwa wa ya sani? 'Yan tsirarun 'yan'uwan da suka tarbe shi ne, kuma su zai fara damu da talla har su daina ɗaukar wayarsa. Wannan asarar ta fi ta kuɗi ciwo.

Wanda ya ce ka biya kuɗin horo ko na rajista, ko ka karɓi kuɗi a asusunka ka tura gaba, ba sai an tsaya dogon nazari ba. Na ƙarshen ma laifin halasta kuɗin haram ne, kuma asusunka za a rufe.

Ba ina cewa sayar da kaya ƙasƙanci ba ne. Sana'a ce, kuma masu iya ta suna cin abinci sosai. Tana saki harshe, tana koya wa baƙo yadda mutanen ƙasa suke cewa a'a ba tare da sun furta ta ba. In kayan suna da alaƙa da karatunka, kamar injiniya ya sayar da injinan masana'antu, ko masanin magunguna ya wakilci kamfanin kayan asibiti, to wannan ƙofa ce ta shiga fanninka ta baya, har ka san mutanen da gobe za su iya ɗaukarka. In kuma babu alaƙa amma akwai tsayayyen albashi, haya ta matso, da babu gara ba daɗi. Sai dai ka yanka wa kanka wa'adi tun ranar farko, ka ware lokacin jarrabawar lasisin sana'arka da ci gaba da neman aiki. Musamman mai bizar da ake ba wanda ya kammala karatu a Birtaniya: ta yarje maka kusan kowane aiki, amma kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma ƙwanƙwasa ƙofofi da wuya ya kai ka ga kamfanin da zai ɗauki nauyin zamanka.

Amsar da za ka mayar gajeriya ce. Ka gode musu, ka nemi su aiko maka a rubuce da cikakken sunan kamfanin, da tsayayyen albashi, da tsarin kamasho, da matsayinka, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila. Ka duba sunan a rajistar kamfanoni, wadda a Birtaniya kyauta ce a shafin Companies House, ka kuma nemi wani da ya bar wurin ka ji ta bakinsa. Kamfanin kirki zai aiko da takardar ya ba ka kwana biyu ka yi shawara. Wancan matashin mai mota, da na nemi haka, cewa ya yi gurbin zai cike kafin yamma. Bayan wata biyu saƙonsa ya sake shigo mini, kalma da kalma, wai sun ga CV ɗina ya burge su.