Yadda na gyara giyar motata da ke ƙin shiga da safe

Tunda aka canza min man giya motar ta fara wahalar da ni, musamman da safe kafin ta yi zafi, giya ta biyu sai na danna da ƙarfi kuma tana ɗan gurzawa ƙirr kafin ta shiga. Makanike yace kuloci ne. Ni dai ban yarda ba, don kafin canjin man lafiya lau take.

Na ɗauko littafin motar, ashe man giya nau'in GL-4 mai lambar kauri 75W-90 aka rubuta, shi kuwa makaniken GL-5 80W-90 ya zuba. Mutane na ɗauka tunda 5 ta fi 4 to ya fi kyau, ba haka bane. GL-5 an yi shi ne don difaranshal (giyar da ke raba juyi ga tayoyi), sinadaran sulfur da fosfaras sun yi yawa a ciki, santsinsa kan hana zoben tagullar nan na sinkironaiza (abin da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga) kamawa da kyau, wani ma yana cin tagullar a hankali. Ga 80W ya fi 75W kauri in da sanyi.

Na ajiye motar a wuri mai daidai, na fara kwance noti na zubawa tukuna (in ka tsiyaye mai sannan wancan ya ƙi kwancewa ka shiga uku), sannan na buɗe na ƙasa. Man ya fito da ɗan ƙyalli kamar garin zinare, maganaɗisun jikin notin ma ya kwashi baƙin ƙarfe, na goge shi tas. Na zuba GL-4 har ya fara ɗiga ta ramin zubawa, na ɗaure.

Bayan 'yan kwanaki gurzawar ta tafi, ta biyu na shiga sumul.